Kaka a Zango: Tsofaffin Matan da Suka Zaunar da Mu a Mubi

Duk sa'ad da muka taru, ko wurin ɗaurin aure ko zaman makoki, aka ɗauko hirar yadda Hausawa suka zo Mubi, sunayen maza kawai za ka ji ana jerowa: wane ne madugun da ya zo da jakuna, wane ne malamin da ya kafa tsangaya, wane ne ya fara fawa a kasuwa, wane ne ya fara riƙe sarautar Hausawa. Ba mu ce ƙarya ake yi ba. Amma shi farke, ai saukarsa da tashinsa duk ɗaya ne, yau yana nan gobe ya ɗaure kaya. Zango ba ya zama gari sai ranar da aka samu wata tsohuwa a cikin gida, jikoki kewaye da ita, wadda ta ce ita kam ba inda za ta, a nan za a binne ta. Tarihin wannan tsohuwa ne muke so mu ɗan taɓa a wannan fitowa, domin shi ne ba mu taɓa zama mun rubuta ba.

Mu fara da ƙasar da ta same mu. Mubi ƙasar Gude da Fali ce tun asali, sannan Fulani suka shigo da shanunsu, bayan jihadi kuma garin ya shiga ƙarƙashin daular da Modibbo Adama ya kafa. A watan Yuni na 1851 Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Mubi daga Kukawa a kan hanyarsa ta zuwa Yola. Wannan ya nuna mana tun wancan lokaci garin yana kan hanyar matafiya tsakanin Barno da Adamawa. Abin da ya riƙa jawo fataken Hausa zuwa wannan yanki a ƙarni na 19 sananne ne: hauren giwa da bayi, su kuma su kawo tufafin Kano da sauran kayan koli. Har akwai wani madugu Bakano, Muhammadu Mai Gashin Baki, wanda ya daɗe yana fatauci a Adamawa, ya yi wa Bature Flegel jagora, daga baya ya bi shi har Berlin a 1884. A 1903 Jamusawa suka mamaye Mubi suka sa ta cikin Kamaru. Bayan Yaƙin Duniya na Farko, a 1922, aka danƙa wa Ingila riƙon yankin.

To, mai karatu, ka tambayi kanka: waɗannan mutane da suka taso daga Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja a ƙasa, tafiyar makonni, da matansu suka taho? Wasu ƙalilan sun taho da su. Da yawa kuwa su kaɗai suka zo, a nan suka yi aure. Shi ya sa in ka bi salsalar gidajenmu ta wajen mata, ba za ka yi nisa ba sai ka ci karo da Bafulatana, ko Babarbariya, ko 'yar Gude, ko 'yar Fali, ko 'yar Margi, ko 'yar Higi. Bakinmu ma shaida ne. Yaron Kano zai ce Kaka ko Hajiya. Mu a nan, nawa ne a cikinmu suka tashi suna cewa Dada, ko Goggo, ko Mama? Dada a Fillancin Adamawa uwa ke nan. Mun ji iyayenmu maza suna kiran tsohuwar da shi, mu ma muka ɗauka, har ya zama kamar sunanta na yanka. Maama kuwa da Fillanci shi ne kaka.

Akwai wani ɓangare na wannan zance da ba a son tayarwa, amma tun da tarihi muka ce za mu rubuta, ba za mu tsallake shi ba. Ba dukan waɗannan mata ne suka shiga gidajen kakanninmu ta hanyar sadaki da shaidu ba. Hamman Yaji, hakimin Madagali da ke arewa da mu, ya bar littafin da ake rubuta masa al'amuransa na yau da kullum daga 1912 zuwa 1927, shekarar da Turawa suka tuɓe shi, kuma a ciki an lissafa hare-haren da ya riƙa aikawa kan mutanen duwatsu da yawan mata da yaran da aka kamo. Sai a 1936 doka ta kashe bauta gaba ɗaya a Arewa. Wato ba zancen zamanin Annabi Nuhu muke yi ba. Akwai gidajen da in aka zo kan sunan wata tsohuwa sai a ce "ai ita ba a san danginta ba," a wuce. Danginta suna nan, ga duwatsunsu can muna hango su daga ƙofar gida. Ita ce aka raba da su tana ƙarama, aka sauya mata suna da harshe, ta haifi waɗanda yau suke bugun ƙirji da cewa su Kanawa ne gaba da baya.

Abin mamaki shi ne, waɗannan matan da da yawansu ba da Hausa suka fara magana ba, su ne suka riƙe mana Hausancin. Ga yadda abin ya kasance.

A ƙasar Hausa, yarinya in cikinta na fari ya tsufa sai ta koma gidan iyayenta goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta, a yi mata wankan jego na kwana 40, sannan a mai da ita ɗakinta da gara. To wadda aka auro daga Bichi ko Ɗanbatta aka kawo Mubi kafin zuwan mota fa, ina za ta? Dole wata ta tsaya a madadin uwa. Ko uwar miji, in tana nan, ko wata tsohuwar unguwa wadda ba su haɗa jini ba ko kaɗan. Ita za ta kira ungozoma ko ta karɓi haihuwar da kanta, ta yanke cibi, ta binne mabiyiya a bayan ɗaki, ta dafa ruwan wanka da ganyen darbejiya ko runhu, ta dama kunun kanwa, ta aika a kira wanzami. Daga ranar nan ta zama kakar yaron har abada. Da yawa daga cikin "kakanninmu" a Yelwa da Kolere da Sabon Layi ta wannan hanya muka same su, kuma sai mun girma muke jin cewa ashe ba ita ta haifi babanmu ko innarmu ba. Zumuncin da ke tsakanin wasu gidaje a garin nan, wanda yau matasa suke zaton na jini ne, a bakin tukunyar ruwan jego aka ƙulla shi.

Sai kuma kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, uba ma haka, kuma Fulanin da muka zauna da su sun ma fi mu tsanantawa. Wannan gurbi da kunya ta bari, kaka ce take cike shi. Da an yaye yaro, wajen shekara 2, sai a kai shi ɗakinta, wani ya yi kwanaki, wani kuma shi ke nan ya zauna. Ita ce ba ta jin kunyarsa shi ma ba ya jin tata. Jika namiji angonta ne, ta ce ya kawo kuɗin cefane ko ta kai shi gaban alƙali. Jika mace kishiya ce, ta zo ta ƙwace mata miji. Mai kallo zai ɗauka wasa ne kawai, alhali ta wannan ƙofar ce yaro yake faɗin abin da ba zai iya faɗa wa iyayensa ba. Yarinyar da ba ta son mijin da aka zaɓa mata, wa za ta gaya wa? Saurayin da yake son a nema masa aure, ta bakin wa saƙon zai isa ga uba? Uba kuwa, komai zafin ransa, in tsohuwa ta ce "bar shi, na ce," sai ya ajiye bulala.

A ɗakin nan kuma aka koyi harshe. Kada mu manta, a Mubi ta da, Fillanci ne harshen kasuwa da na fada, a unguwa kuma yaro yana jin yare uku ko huɗu kafin azahar. Da dare ne, bayan an ci tuwo an kashe aci-bal-bal don kada mai ya ƙare, ake jin labarin Gizo da Ƙoƙi da kura da Botorami, da kacici-kacici, da karin magana. Tsohuwar da aka auro tana Fillanci ta koyi waɗannan daga uwar mijinta ko kishiyarta Bahaushiya, ta haɗa da nata na gida, ta miƙa wa jikoki. Shi ya sa tatsuniyar Mubi ba ta zama daidai da ta Kano ba, kuma in ɗanmu ya je Kano ana yi masa dariyar karin harshe. Mu dai ba mu ga abin kunya a ciki ba.

Wani abu kuma da ya ba tsohuwa ƙarfi shi ne ƙafa. Matar aure tana kulle, ba ta fita sai da dare da izini. Tsohuwa ta wuce wannan. Ita ce mai zuwa kasuwa, mai shiga gida-gida da ƙullin kaya a matsayin dillaliya, mai kai goron gayyata, mai tara kuɗin adashi, mai leƙa gidan da za a nemi aure ta gano halin yarinya da na uwarta. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, da ta tashi isar da karatu ga matan ƙauyuka, tsofaffin mata ta naɗa jajis, ta ba su malfa, suka riƙa jagorantar 'yan taru suna zuwa wurinta suna komawa da abin da suka koya, saboda su ne aure da goyo ba su ɗaure ba. A Mubi ma, kafin a buɗe makarantun Islamiyya na matan aure, wa ya koya wa 'yan mata alwala da wankan tsarki da abin da ke karya azumi? Ba liman ba ne.

Ta fuskar dukiya ma kada a raina ta. Man gyaɗa da ƙuliƙuli, daddawa, ƙosai da koko da safe, kiwon awaki da kaji, kaɗin zare a da can. Kwabo kwabo ake tarawa, ya zama tasa, ya zama kwalla da samira, ya zama gadon ƙarfe na jika. Akwai attajirai a garin nan da jarinsu na farko daga bakin zanen kakarsu ya fito, ta sayar da tunkiya ta ce "je ka gwada." Ba za mu kama suna ba, sun san kansu.

In muna son ganin irin wannan mace a rubuce, akwai Baba ta Karo, wadda aka haifa a 1877 ta rasu a 1951. Wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da ita a Giwa ta ƙasar Zazzau tsakanin 1949 da 1950 ta rubuta labarin rayuwarta, aka buga shi da Turanci a 1954, daga baya kuma ya fito da Hausa. Abubuwa biyu a labarinta sun yi kama da namu. Kakanninta daga Barno suka zo, amma ba wanda ya taɓa shakkar Hausancinta. Sannan Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ta yi riƙo, ta yi ungozomanci, ta aurar, ta mutu tana kaka. Abin takaici, Baba ta samu mai rubuta mata, namu tsofaffin ba su samu ba.

Riƙon nan shi ne igiyar da ta ɗaure zango da gida. Wani mai bincike, Abner Cohen, da ya zauna da 'yan uwanmu na Sabo a Ibadan a 1962 da 1963, ya lura da yadda ba da riƙon yara yake ƙulla dangantaka tsakanin gidaje. Haka yake a nan. Tsohuwa ce take cewa a kai wance Kano wurin goggonta ta girma a can, a kawo wane daga Gumel ya yi karatun allo a nan. Ita ce take riƙe da lissafin wa ya haifi wa, wa ya sha nonon wa, wane gida ne ba a aure da shi. Ita ce take matsa wa ɗanta ya shiga mota ya je ta'aziyyar wanda bai taɓa gani ba. Maza suna ganin ɓarnar kuɗi ce. Za mu dawo kan wannan.

Akwai wata rana a tarihin Mubi da kakanninmu mata suka riga 'yan uwansu na Kano da Sakkwato. Yankinmu a lokacin Kamaru ta Arewa ce, ƙasar amana a hannun Ingila ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. A watan Nuwamba na 1959 aka yi ƙuri'ar raba gardama ta farko, maza kawai suka jefa, masu cewa a jinkirta yanke shawara suka samu 70,546, masu son shiga Nijeriya nan take 42,788. Da za a sake, Majalisar ta ce dole duk baligi ya jefa, mace da namiji. A watan Fabrairu na 1961 aka yi ta biyu: 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Jamhuriyar Kamaru. Ranar 1 ga Yuni 1961 yankin ya zama Lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata. Matan sauran Arewa kuwa sai a 1976 aka ba su damar zaɓe. Ke nan matan da muka sani suna dama mana kunu sun sa hannu a shawarar ƙasar da za mu zama 'ya'yanta, shekara 15 kafin a yarda matar Kano ta je rumfar zaɓe. Wadda take da shekara 21 a ranar nan, in tana raye, yanzu ta haura 80 da nisa. Mu nawa ne muka taɓa tambayar tamu yadda aka yi?

Kada kuma a ce mun zo yabo kawai. Hannun da ya yi raino shi ne wani lokaci ya yi ɓarna, ba da mugun nufi ba. Likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun nuna tun shekarun 1970 cewa yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi suna da hannu a ciwon zuciya da kumburin da ke kama masu jego. Mu muna cewa sanyi ne ya shige ta, sai a ƙara kanwa a ƙara wuta. Yankan gishiri ya jefa mata cikin yoyon fitsari. Da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976, a gidaje da dama tsohuwa ce ta ɓoye jikarta a bayan gado, ko ta ce faranti ya fi allon boko, don da kuɗin talla za a yi kayan ɗaki. Auren zumuncin da ta ƙulla don riƙe dangi, wani ya yi albarka, wani ya ƙare da yarinya ta gudu ta shiga duniya. Su kuma surukai mata, in da za a ba su shafi a wannan mujalla, da mun sha labari. A ganinmu wanda ya ɓoye waɗannan bai girmama tsofaffin ba, ya mai da su gumaka ne.

Sauyi ya zo a hankali. An yi Jihar Gongola a 1976, an buɗe kwalejin fasaha ta tarayya a 1979, aka yi Jihar Adamawa a 1991, jami'ar jiha ta zo a 2002. 'Ya'yanmu suka zama ma'aikata, suka kama haya ɗaki biyu da falo, inda babu ɗakin tsohuwa. Haihuwa ta koma asibiti, kuma gara haka. Talabijin ta cinye tatsuniya, waya ta cinye talabijin. Hausa kuwa ta mamaye kasuwa da titi har ta ture Fillanci, ta yadda yaro ba ya bukatar kaka kafin ya iya ta. Sai muka fara ganin kamar aikin tsohuwa ya ƙare, saura magani da carbi.

Sannan 29 ga Oktoba 2014 ta zo. Ba sai mun ba mutanen Mubi labarin ranar da 'yan Boko Haram suka shigo suka sauya wa garin suna ba. Kowa ya san ta inda ya bi: wasu ta duwatsu zuwa Kamaru, wasu ta daji suna neman hanyar Yola, tafiyar kimanin kilomita 200. Mun ga tsofaffi a baro, mun ga tsofaffi a bayan jikoki, waɗanda su ma a bayan tsofaffin suka girma. Wasu suka ce ba za su iya ba, a tafi da yara a bar su da Allah, suka zauna gadin gida har aka ƙwato garin a tsakiyar Nuwamba. Wasu a hanya suka cika, aka binne su a inda ba za mu iya nunawa ba yau.

Da aka fita kuma, sai tambaya ta zama: ina za a dosa? A nan ne lissafin tsohuwa ya yi rana. Gidan da ya ci gaba da aika yara riƙo, ya ci gaba da zuwa biki da ta'aziyya, ya sauka a Kano ko Azare ko Garwa ya tarar da ƙofa a buɗe da wanda ya san sunan kakansa. Gidan da ya yanke zumunci tun rasuwar tsohuwarsa ya isa garin da yake kira asalinsa, ya tsaya a tasha yana tambayar unguwa, ba wanda ya san shi, ya ƙare a makaranta ko sansani. Gida biyu maganin gobara, in ji Hausawa, amma na biyun ba ranar gobara ake gina shi ba. Wasu kuma ba Kano ce ta cece su ba. Ƙauyukan kan dutse ne suka ba su ruwa da wurin kwana suka nuna musu hanyar tsallakawa, wato ƙauyukan da wataƙila daga cikinsu aka fito da waccan tsohuwa da muke cewa ba a san danginta ba.

Da muka dawo, a wasu gidaje an tarar an kwashe kwalla da tasoshin da aka jera tun zamanin sulai, an fasa akwatin ƙarfe, takardun fili da tsofaffin hotuna sun watse a tsakar gida ruwa ya bi ta kansu. A wani gida da muka shiga jaje, an tsinci hoton wasu mata 5 a zaune kan tabarma, an ɗauka a ranar wani suna. Aka zagaya da shi gidan kaf, manya da yara, mutum biyu kawai aka iya ganewa. Wadda ta san sauran ukun ita ce aka binne a hanya.